Ɓarawon yunit yana cikin falonki

*Jawabin Shugabar Mata a zaman mu na wata-wata. An rubuta shi ne domin 'yan uwa da ba su samu halarta ba.*



  

Yau ba maganar taro ko ta rajista na kawo muku ba. Magana ce ta cikin gida, ta kuɗin da ke fita daga jakar kowace ɗaya daga cikinmu ba tare da ta ga fitarsa ba. A zaman da ya wuce, da muka tashi, mata huɗu ne suka tare ni a bakin ƙofa da kuka iri ɗaya: “Shugaba, katin wutar nan ba ya albarka, yau ka saka, jibi mita tana kuka.” Na ce musu su bari sai an haɗu, don ni ma abin ya taɓa cina, har ya sa na yi abin da nake jin kunyarsa.

Bari in fara da nawa laifin.

Akwai lokacin da katinmu ya riƙa ƙarewa da wuri, har Abban yara ya fara tambaya ko mun buɗe gidan ƙanƙara ne bai sani ba. Na ce yara ne, na hana su kallo. Bai canja ba. Na ce mai aiki ce da guga, na ɗauke dutsen gugar na kulle a ɗakina. Bai canja ba. Daga nan sai zuciya ta kai ni kan wani bawan Allah mai ɗan shago a jikin katangarmu. Na saka a raina cewa jan wutarmu yake yi ta bayan gida. Ban faɗa masa ba, amma na rage masa fuska, na daina aiken yara shagonsa. Kusan wata biyu muna haka.

Sai ɗana da ke karatun lantarki a kwalejin fasaha ya zo hutu. Na kai masa ƙara. Ya zagaya katanga, ya duba waya tun daga falwaya har cikin gida, ya dawo ya ce, “Umma, ba wanda ya taɓa wayarki. Zo ki gani.” Ya sa muka kashe ƙwayayen fitila da fanka, ya cire firji na ɗan lokaci, ya ce in kashe talabijin da sauran kaya kamar yadda na saba. Na ɗauki rimot na danna. Falo ya yi tsit. Ya kai ni gaban mita ya nuna mini wata 'yar jar fitila. Muna tsaye sai ta ƙifta. Bayan kamar minti biyu ta sake ƙiftawa. Ya ce, “Umma, duk ƙiftawar nan kuɗinki ne ke tafiya. Kin ce kin kashe komai, to wa yake shan wutar?”

Wallahi jikina ya yi sanyi. Washegari da safe na saka mayafi na je shagon mutumin nan na ce ya yafe mini, na zarge shi a kan abin da bai ji ba bai gani ba. Ya yi dariya ya ce shi dama ya ga canji, ya ɗauka wani laifi yaransa suka yi. Kun ga abin da rashin sani yake jawowa. Gaskiyar Hausawa, zato zunubi.

*To mene ne yake shan wutar?*

Yawancin kayan lantarki na zamani, idan kika kashe su da rimot, ba mutuwa suke yi ba. Kwanciya suke yi da kunne a buɗe, suna jiran ki sake danna rimot su tashi. Turawa suna kiran wannan hali sitanbai, mu ce zaman jira. Kamar garwashin da kika rufe da toka ne da daddare don ki samu na hura wutar koko da asuba: ba harshen wuta, ba hayaƙi, amma gawayin yana ci a hankali. Haka talabijin, dikoda, rediyo mai manyan sifiku, na'urar wasan yara da makirowef mai agogo a goshi. Muddin filoginsu yana jikin soket kuma makunnin soket ɗin yana kunne, suna jan wuta dare da rana.

Ita 'yar jar fitilar da kike gani a gaban talabijin ba ita ce mai cin wutar ba, abin da take ci bai taka kara ya karya ba. Alama ce kawai cewa kayan cikin na'urar suna farke. Wasu kayan ma ba su da fitilar ko kaɗan, amma suna sha.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya dama. Tun 1999 Hukumar Makamashi ta Duniya, mai hedikwata a birnin Faris na Faransa, ta fito da kira cewa kada wata na'ura ta ci fiye da wat 1 idan tana zaman jira. Tarayyar Turai ta mayar da abin doka a 2008: daga 2010 sabbin kayan da za a sayar a can ba za su wuce wat 1 ba, daga 2013 aka rage zuwa rabin wat ga yawancinsu. A Amurka kuma, wata ƙungiyar kare muhalli mai suna NRDC ta fitar da rahoto a 2011 a kan dikodojin ƙasar, kusan miliyan 160. Ta gano suna cin yunit biliyan 27 a shekara, kuma kashi biyu cikin uku na wannan wutar suna shanta ne lokacin da ba mai kallo. Ta ce jimillar ta kai abin da tashoshin wuta tara masu megawat 500 kowace suke samarwa. Don ku gane girman abin, tashar Shiroro da ke jihar Neja megawat 600 ce.

Abin da ya sa na kawo muku zancen dokar Turai shi ne, da yawa daga cikinmu kayan hannu muke saye, waɗanda aka yi amfani da su a waje aka kawo mana. Wani talabijin ɗin ko rediyon an ƙera shi tun kafin a yi waccan doka. Ga kuma kayan da aka ƙera ba da ƙa'idar kowa ba. Saboda haka namu kayan suna iya cin wutar jira fiye da nasu nesa ba kusa ba.

*Mu yi lissafi irin na 'yan adashi*

Ku riƙe abu ɗaya: yunit 1 da kike saye a kati shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Abin da yake cin wat 1 kacal, idan ya shekara a kunne ba a ɗauke wuta ba, zai ci yunit kusan 9.

A gidana, ƙiftawar nan ta bayan minti biyu, yaron ya lissafa ya ce wat 30 ke nan. Mu ɗauki wannan a matsayin misali. A ce unguwarku tana samun wuta awa 20 a rana. Wat 30 sau 20 ya ba da 600. Sau kwana 30 ya ba da 18,000. Yunit 18 ke nan a wata, a kan kayan da kika rantse kin kashe.

Yanzu farashi. Kun tuna a watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato Band A, waɗanda aka ce za a ba su aƙalla awa 20 a rana. Yunit ya tashi daga kusan naira 68 zuwa naira 225. A watan Mayu aka sauko da shi zuwa naira 206.80, a watan Yuli ya koma naira 209.50. Dubu biyar ɗin da take ba ki yunit kusan 70 ta koma ba ki 20 da 'yan kai. Idan muka buga yunit 18 a kan naira 209.50, ya haura naira 3,700 a wata, kusan naira 45,000 a shekara. Hajiya, dubu arba'in da biyar ai zubin adashi ne mai kyau. Kayan makarantar yaro ne. Jarin ƙosai ne ga wata.

Zan faɗa muku gaskiya don kada wata ta je ta gwada ta ce Shugaba ta yi mana zuƙi-ta-malle. Ba kowa ce take rukunin A ba. Rukunin B awa 16 ne, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kuma farashinsu bai kai na A ba. Wadda take samun wuta awa 12, wat 30 ɗin nan yunit kusan 11 zai ci mata a wata, a farashi mai sauƙi. Kuɗin bai kai na wancan ba, amma kuɗi ne, kuma da yayyafi kogi kan cika. Sannan ni ma ba wutar jira kaɗai ta cinye mini kati ba. Yaron ya gano abu uku: farashi ya tashi ban lura ba, akwai masu ɗumama ruwa da muke bari a kunne, sai kuma kayan jira. Na farko ba a hannuna yake ba. Biyun ƙarshe kuwa a hannuna suke.

*Su waye manyan ɓarayin, su waye ƙanana?*

Na ɗaya, dikoda. Da yawansu, musamman tsofaffin, abin da suke ci a kashe bai yi nisa da abin da suke ci a kunne ba, don suna ci gaba da riƙe sigina daga dish. Ki ɗora hannu a kanta da asuba, bayan ta kwana “a kashe”. Idan kin ji ɗumi, wannan ɗumin da kuɗinki aka yi shi.

Na biyu, sitabilaiza. Muna saye don ta kare mana kaya, kuma tana da amfani. Amma tana da nata cikin. Ko ba a jona mata komai ba, in dai tana kunne tana shan wuta, shi ya sa kike jin tana ɗan gurnani tana ɗumi. Ta firji a bar ta. Ta talabijin da ta na'urar sanyaya ɗaki, idan an kashe kayan a kashe ta ita ma.

Na uku, masu ɗumama ruwa, su ne suka fi kowa ci. Na'urar ruwan sha mai famfo biyu, ja da shuɗi, tana tafasa ruwa, ya huce, ta sake tafasawa, haka har gari ya waye, alhali kowa yana barci. A bayanta akwai makunni na ruwan zafi da na ruwan sanyi. Ki kashe na zafin, ki tafasa ruwanki sau ɗaya ki zuba a flas. Haka hitar banɗaki ta jikin bango: a kunna kafin wanka da ɗan lokaci, a kashe da an gama.

Na huɗu, tsohon talabijin, rediyo mai sifiku, na'urar wasan yara, kwamfutar tebur da firinta, makirowef, da na'urar intanet ta gida da ake bari har safe ba mai amfani da ita. Kowanne ɗan kaɗan yake ci, amma idan suka taru a falo ɗaya sai su zama abin magana.

Na ƙarshe, cajar waya. Na san ita aka fi yi wa yara faɗa a kai. Gaskiya caja mai kyau da ba a jona mata waya ba, abin da take ci bai kai rabin wat ba. Ba ita ke cinye miki kati ba. A cire ta don tsaro, saboda jabun caja suna zafi suna iya tayar da gobara, kuma ƙaramin yaro yana iya saka bakin wayar a bakinsa. Amma kada ki tsaya kina faɗa a kan caja, ga hita can tana ci tun jiya.

*Yadda za ki gwada da kanki*

Gani ya kori ji. Ki zaɓi lokacin da akwai wuta. Ki kashe fitilu da fanka, ki kashe firji na minti goma ba tare da an buɗe shi ba, sauran kaya kuma ki kashe su da rimot kamar kullum. Ki je gaban mita, ko ɗan akwatin da kike danna lambar kati idan mitarku tana kan falwaya. Ki nemi jar fitilar da ke ƙiftawa, ki duba agogon wayarki ki ga sakan nawa ne tsakanin ƙiftawa da ƙiftawa. A jikin mita akwai wata lamba kusa da fitilar. Idan 1000 aka rubuta, ma'anarsa ƙiftawa dubu ce yunit ɗaya. Sai ki raba 3,600 da yawan sakan ɗin da kika ƙirga, abin da ya fito shi ne wat ɗin da gidanki yake sha. Sakan 120 ya ba da wat 30, sakan 60 ya ba da wat 60.

Wadda lissafi yake ba ta ciwon kai, ba sai ta yi ba. Ki kalli saurin ƙiftawar kawai. Sai ki sa yaro ya riƙa kashe soket ɗaya bayan ɗaya daga bango, ke kina tsaye a gaban mita. Duk wanda aka kashe kika ga ƙiftawar ta ja baya sosai, kin kama ɓarawo. Idan kin gama, kar ki manta ki mayar da firjinki.

*Maganin*

Allah ya taimake mu, irin soket ɗin da ake sakawa a gidajenmu, mai rami uku, yawanci yana zuwa da makunni a jikinsa. Ba sai kin saye komai ba. Yatsa ɗaya ya isa.

1. Rimot ba ya kashe kaya. Makunnin bango ne yake kashewa.

2. Ki haɗa talabijin, dikoda da rediyo a kan ekistenshin guda mai kyau mai makunni, yadda dannawa ɗaya za ta kashe su duka. Amma kada a jona dutsen guga, hita ko risho na lantarki a ekistenshin, su bango kai tsaye.

3. Ki ba yaro ɗaya aikin. A gidana autata ce sarkin soket. Bayan an rufe ƙofa da daddare, ita ke zagayawa, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa, har Abbanta.

4. Da an ɗauke wuta, a kashe soket. Wannan ya fi ma maganar yunit muhimmanci. Sau nawa aka dawo da wuta da ƙarfi ta ƙona wa mutane talabijin da dikoda? Sau nawa aka manta dutsen guga ko hita a jone saboda ba wuta, aka fita unguwa, wuta ta dawo ba kowa a gida? Rigakafi ya fi magani.

5. Idan za a yi tafiya, biki ko hutu ko ganin gida, a zare filogin komai ban da firji.

6. Idan za ki sayi sabon kaya, musamman iyayen amare masu haɗa kayan ɗaki, ki tambayi mai shago wat nawa yake ci a kunne, nawa a zaman jira. Ana rubutawa a takardar da ke cikin kwali. Kada kyan fuska da arha su rufe miki ido.

Akwai waɗanda ba a taɓawa. Firji da firiza ba zaman jira suke yi ba, aiki suke yi. Kashe su da daddare don tsimin wuta zai lalata miki miya da nama, kuma gidan da ake ajiye allurar masu ciwon suga ko wani magani a firji, abin ya wuce maganar kuɗi. Na'urar da mara lafiya yake dogaro da ita, da fitilar tsaro ta waje, da kyamarar tsaro, duk a bar su. Kuma don Allah kada a taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu, kada a fizgo filogi ta waya. Soket ɗin da ya yi baƙi ko yake tartsatsi, a kira mai gyara.

Na san wata za ta ce, “Shugaba, mu ba mu da mita, takardar bil ake kawo mana.” Haka ne, ke ba za ki ga sauƙin a takarda nan take ba. Amma kare kayanki daga ƙonewa naki ne, kuma ranar da aka saka miki mita, hannunki ya riga ya saba.

Masu sola da inbata kuwa, ku kuka fi kowa buƙatar wannan magana. Batir mai lamba 12 da 200, wanda aka fi sani, idan aka cika shi yana ɗauke da abin da ya kai yunit 2.4. Irin mai ruwan batir ɗin nan, masu haɗawa suna cewa kada a sha fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko, saura yunit 1.2 ke nan. Wat 30 na kayan jira, a awa goma na dare, zai cinye kashi ɗaya cikin huɗu na wannan. Ita kanta inbatar tana da abin da take ci muddin tana kunne. Shi ya sa fanka take tsayawa ƙarfe uku na dare a tsakiyar zafin bazara, yara su tashi suna kuka, ki ce batir ya lalace. Wataƙila lafiyarsa ƙalau, dikoda ce ta sha rabon fanka.

Sai 'yan uwana na gidan haya masu mita ɗaya. Na san irin rigimar da ake yi ranar karo-karon kati: wance tana da firiza, wance tana guga, wance baƙinta sun yi yawa. Kafin a ɓata zumunci, ku taru ku yi gwajin nan tare, ɗaki bayan ɗaki, kowa tana gani. Mita ba ta da 'yar ɗaki. Kada wata ta yi irin nawa, ta ɗauki alhakin maƙwabci a banza.

Tun muna Islamiyya malamanmu suke tsawatar mana a kan ɓarnar ruwan alwala, ko da ruwan yana da yawa. To balle wutar da muke saye da guminmu.

Ga aikin da na ba kowa. Yau da daddare ki rubuta yunit ɗin da ya rage a mitarki. Ki yi mako guda kina kashe kaya daga bango, kina kashe ruwan zafi, sai ki kwatanta da abin da kika saba ci a mako. Shugabannin mazaɓu, ku tattara mini abin da matanku suka gani, ko ya ragu ko bai ragu ba, a kawo zama mai zuwa mu duba tare. Wadda ta kasa gane mitarta ta ɗauki hotonta ta turo, za mu samu wanda zai yi mata bayani.

A karanta wa iyayenmu da ba sa karatun boko, a kuma tura wa sauran 'yan uwa da ba su cikin wannan zaure.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muke samu, ya tsare mana gidajenmu daga gobara, ya mayar da kowa gida lafiya. 



*Taku, Shugabar Mata*